Kibod Mai Yatsa Tara

Kibod ɗin kwamfuta na huɗu ke nan da mai shago ya ajiye a gaban Auta, shi ma ta ture. Hutun azahar ɗinta na ƙarewa, ga wuyan hannunta na hagu yana zugi har cikin gwiwar hannu. A ofishin lauyoyin da take buga wa takardu, Oga ya riga ya ce mata in hannun ya gaza ta faɗa, a nemo wata. Likita kuwa ya ce ta sayi irin kibod ɗin nan mai lanƙwasa, mai matashin tafin hannu, sannan ta daina bugu da yatsa tara alhali Allah ya ba ta goma.

Wannan ɗabi'a gadon Yaya ce. Ƙofar mota ta datse wa Yaya ƙaramin yatsan hagu tun tana yarinya, ta koyi tafireta a haka, kuma a haka ta koya wa ƙanwarta. Auta, da ke ganin ko tarin Yaya ma ado ne, sai ta naɗe lafiyayyen yatsanta cikin tafi, na kusa da shi yana miƙawa yana yi masa aiki. Yaya ta rasu tun kafin ofishin ya san kwamfuta, Auta ta gaji kujerarta da bugunta.

Sababbin kibod ɗin duk sun ƙi ta. Sun rabe biyu kamar buɗaɗɗen littafi, kowane yatsa da unguwarsa, babu ƙetare iyaka. Mai shago, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce makonni kaɗan za ta saba. Makonnin ne Oga ba zai ba ta ba.

Da ya ga ciniki zai kuɓuce, sai ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wani na hannu, ya hure masa ƙura. Shi ma mai lanƙwasa ne, amma ya sha aiki, haruffan sun koɗe. Ya ce cikin dilar kayan waje ya zo, kuma duk wanda ya gwada sai ya ce kamar ya sa takalmin wani.

Auta ta ɗora hannu. Tafukanta suka faɗa cikin lotsawar matashin daidai wa daida, zugin ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Shagon da sanyin na'ura, amma matashin da ɗumi, irin ɗumin kujerar da wani ya tashi yanzu. Ta duba madannin harafin A, wanda aikin ƙaramin yatsa ne. Tsakiyarsa sabo fil, gefen damansa kaɗai ya cinye, daidai inda yatsan da ke kusa da ƙaramin ke sauka in ya miƙo.

Tsoro ya kama ta sosai. A saninta mutum biyu ne a duniya suke bugu haka, ɗaya kuma tana ƙasa tun kafin a ƙera irin wannan kibod.

"Wa ya yi aiki da shi?" ta tambaya.

"Malama, kayan dila ai ba su da dangi," in ji mai shago yana dariya. "Ya yi miki?"

Ta dubi sabon da likita ya ce, ta dubi tsohon. Da tsohon ta fita a hammata.

A ofis ta jona shi, ta jawo tarin takardun da suka kwana biyu suna harararta. Hannunta ya yi ta gudu ba tuntuɓe, har da wani ɗan tsaiko kafin kowane sabon layi, wanda ita ba ta san tana yi ba. Kafin la'asar tarin ya ƙare. Oga ya leƙo, ya ga aiki, ya ce ashe da sauranta.

Tsohon masinjan ofishin, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, yana tahowa a baranda da tiren shayi sai ta ji takunsa ya tsaya. Ya daɗe a bayan ƙofa kafin ya turo ta da kafaɗa. Ya dube ta, ya dubi bayan kujerarta, ya dubi kusurwar ɗakin.

"Auta, ke kaɗai ce a nan?"

Ta ce ita kaɗai ce. Ya ajiye shayin bai ko zuba ba.

"Na rantse bugun yayarki na ji," ya ce a hankali, ya fita bai rufe ƙofar ba.

Auta ta ɗaga hannun hagu daga kan matashin, ta buɗe tafinta. Yatsu huɗu suka miƙe. Ƙaramin ya zauna a naɗe, sanyi ƙalau, ta mintsine shi ba ta ji komai ba. Ta kai hannun dama ga wayar kibod ɗin za ta zare, sai ga Oga ya ajiye mata wani sabon tari, ya ce ana so kafin a tashi.

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta saki, ta mayar da tafukanta cikin ɗumin.

"To, Yaya," ta ce. "Mu je."