Kaset Na Goma Sha Bakwai

A Santos, birnin bakin teku, duk wanda ya sayi tsohon kaset ɗin wasan kwamfuta kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, wurin Dirceu Fagundes yake kai shi. Shekara talatin da huɗu Dirceu ya yi yana duba hatimin kwantena a tashar jiragen ruwa, da ya yi ritaya sai ya mayar da idon nan kan kaset. Yakan ɗora shi a sikeli, ya shinshina robar, ya sa gilashi ya duba haƙoran tagullar ya ga irin koren tsatsar da iskar teku ke bari. Daga nan ya ce na gaske ne ko jabu, magana ta ƙare. Shi ya sa ake ce masa Alƙali.

Buɗe kaset kuwa ba ya cikin aikinsa. Ƙusar da ke riƙe da marfin tana ƙarƙashin takardar da aka manna a fuskar, ba ta fita sai an huda takardar, kuma kaset mai hudajjiyar fuska ya tashi daga abin ajiya ya koma tarkace. Dirceu ya sha faɗa a gaban jama'a cewa wanda sai ya buɗe kafin ya gane, bai san aikin ba.

Shi kansa kayan kamfani ɗaya yake tarawa. Tainha ɗan ƙaramin kamfani ne da ya yi shekara biyu a saman wani gidan burodi kafin ya rufe a 1989, bayan ya tallata wasanni ashirin da uku na kwamfutar MSX. Dirceu ya daɗe da ashirin da biyu. Na goma sha bakwai babu wanda ya taɓa gani, sai shekara uku da suka wuce, wata Asabar a kasuwar tsofaffin kaya, ya tsince shi a cikin kwalin takalmi ƙarƙashin tulin wayoyi. Amininsa Nivaldo, mai gyaran rediyo da talabijin, yana gefensa a lokacin yana cin pastel, wani soyayyen fanke mai nama a ciki. Wasan na injin ɗaga kaya ne da ke loda buhunan kofi a jirgi. Dirceu ya auna, ya shinshina, ya duba, ya yanke hukunci. Mujallar masu tarawa ta buga hotonsa riƙe da kaset ɗin a shafi biyu.

Taron masu tara kaset na bana an yi shi ne a zauren ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan tasha, ranar Asabar ta biyu ta Nuwamba. Tebura arba'in, fankoki huɗu, zafi kamar a bakin tanda. Dirceu ya jera kaset ɗinsa ashirin da uku a akwatin gilashi, na sha bakwai a tsakiya. An sa shi zai yi jawabi ƙarfe uku kan yadda ake gane jabu.

Wajen sha ɗaya da rabi shugaban taron ya kawo masa baƙuwa. Dona Zuleica ce, mai shekara saba'in da ɗoriya, da sanda da jakar saƙa. Ita ce ta yi aikin manna takardu a Tainha tun daga buɗewa har rufewa, kuma sai a bana aka gano tana nan da rai a São Vicente, garin da ke maƙwabtaka da su.

Ta sunkuya kan gilashin tana ƙirgawa da yatsa.

“Kai, 'ya'yana ne duka! Wannan na biyar ɗin, duba yadda ya karkace. Ranar haƙori ke yi mini ciwo.” Yatsan ya tsaya a tsakiya. “Wannan kuma ɗan wa ne?”

“Na sha bakwai ke nan, Dona Zuleica. Shi kaɗai aka sani a duniya.”

“Ai kuwa dole ya zama shi kaɗai, tunda ba mu yi shi ba.”

Dirceu ya yi murmushin girmamawa. “An daɗe, Dona. Shekara talatin da biyar ba kwana biyu ba.”

“Ɗana, sunan maganin hawan jinina nake mantawa, ban manta da aikina ba. An buga tallar na sha bakwai, sai mai rubuta wasan ya samu aikin banki a Curitiba ya tafi. Maigida ya ce a tsallake. Daga sha shida sai sha takwas na manna.” Ta ƙara matsawa. “Kuma dubi kusurwoyin. Ni da almakashin ɗinki nake yanka su, ba a taɓa samun biyu iri ɗaya ba. Na wannan kuwa, huɗun duk uwa ɗaya uba ɗaya.”

Ya duba. Ya san kusurwoyin nan, ya sha kallonsu da gilashi, kuma a mujalla ya rubuta cewa alama ce ta kamfanin ya sayi injin yanka a ƙarshen zamaninsa.

“Kun taɓa sayen injin yankan takarda?”

“Inji? Mu da kofi ma karo-karo muke yi?”

Ta wuce teburi na gaba. Ban da shugaban taron babu wanda ya ji, shi ma ya dafa kafaɗar Dirceu ya ce tsofaffi sai haƙuri, kada ya sa a ransa. Dirceu ya gane ƙofa ce aka buɗe masa. In ya yi shiru, maganar tsohuwa ce da tasa, kuma tasa za a ɗauka.

Ya zauna minti ashirin yana kallon akwatin. Sannan ya ciro kaset ɗin, ya sa a aljihun riga, ya nufi teburin Nivaldo a ƙarshen zaure. Nivaldo na can da dalmarsa yana gyaran wata kwamfuta. Toshio mai kantin magani da Belmiro tsohon direban bas suna zaune gefensa suna shan ruwan rake. Su huɗun nan suke haɗuwa kowace Asabar shekara goma sha biyar.

“Ga Alƙali nan, a tashi tsaye,” in ji Belmiro. “Yau wa za a ɗaure?”

“Nivaldo, ara mini ƙaramin sukundireba.”

“Na me? Kai da ko gwangwanin kifi ba ka buɗewa?”

Dirceu ya ajiye kaset ɗin a teburi. Toshio ya sauke kofinsa a hankali. Belmiro ya kalli Nivaldo, Nivaldo ya kalli dalmarsa. Dirceu ya yi shekaru yana kallon fuskar direbobin da hatiminsu ya sami matsala, ya san irin wannan kallon.

“Haba, tsoho, me ya yi zafi?” in ji Nivaldo. “Za ka ɓata abin da babu irinsa saboda surutun wata tsohuwa?”

“Wa ya ce maka tsohuwa ta yi magana?”

Dirceu ya miƙa hannu ya ɗauki sukundireban da kansa. Ya lalubi ramin ƙusar da babban yatsa, ya dasa bakin ƙarfen, takardar ta huje da ɗan ƙara kaɗan. Murɗa shida ƙusar ta fito.

A ciki, a kan allon lantarkin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar kaset ɗin, an manna 'yar farar takarda da rubutun biro. Rubutun Nivaldo ne, irin wanda yake yi a jikin rediyon mutane. An rubuta: “Ranka ya daɗe Alƙali, yau kai ne a gaban shari'a.” Ƙarƙashinsa kwanan wata, da sa hannu uku.

Dirceu ya karanta sau biyu. Ya juya allon, ya duba bayan, don haka ya saba.

Belmiro ne ya fara magana. “Wasa ne fa, mutumina. Wallahi wasa ne.”

“Ka tuna taron da ka ɗaga kaset ɗin da na gyara, ka ce ko makaho ya san hannun Nivaldo?” in ji Nivaldo. “A gaban mutum sittin. Na ce to, bari mu ga mai ido. Wata takwas na yi a kansa. Robar ta tsohon kaset ce, takardar Toshio ya samo a ɗakin ajiyar kantinsu, Belmiro ya rataye allon a barandarsa ta bakin teku har ya yi tsatsa. Mun shirya Asabar ta gaba mu gaya maka, mu yi dariya, ka sayi giya, shi ke nan.”

“Asabar ta gaba,” in ji Dirceu.

“Ranar ka zo da kek na murna, Dirceu. Ka kira ƙanwarka a waya a gabanmu. Ta ina za mu fara?”

“Wadda ta biyo ta fa?”

“Ai kafin nan mai mujalla ya zo.”

“Toshio, kai ka riƙe mini fitila da ake ɗaukar hoton.”

Toshio ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. “Na riƙe.”

“Wasan injin ɗaga kaya,” in ji Dirceu. “Da buhunan kofi.”

“Na san shi za ka so,” in ji Nivaldo, kuma a muryarsa har da ɗan alfahari. “Ka ce shi ne mafi kyau a cikin ashirin da ukun. Kai ka faɗa, ban roƙe ka ba.”

Dirceu ya lissafa a ransa. Asabar ɗari da hamsin da wani abu. A kowace ɗaya ya zauna tsakanin mutanen nan uku, sau da yawa da labarin kwalin takalmin a bakinsa, su kuma suna cewa ya sake ba da shi. Belmiro ma yakan tuna masa wuraren da ya tsallake.

“Wa kuma ya sani?”

“Babu kowa,” in ji Belmiro da sauri. “Sai matata.”

Nivaldo ya matso da kujerarsa, ya rage murya. “Saurara. Ba wanda ya ga ka buɗe. Ina da sauran takardar a shago, ɗaya ce ta rage. Ba ni shi, ranar Talata ka karɓe shi kamar ba a taɓa ba. Tsohuwar nan ba za ta sake zuwa ba. Ka yi jawabinka, sunanka na nan yadda yake. Mu kuma kabari ne, ka ga ai mun iya riƙe baki.”

“Na gani,” in ji Dirceu.

Ya tattara marfin da allon da ƙusar a tafin hannu ya koma teburinsa. Bai ci abincin rana ba.

Ƙarfe uku aka ba shi makirufo. Mutum kusan tamanin ne a zaune, Dona Zuleica a layin gaba tana fifita da takardar shirin taro. Dirceu ya ajiye rubutaccen jawabinsa a gefe. Ya ce kaset na goma sha bakwai na Tainha jabu ne, kamfanin bai taɓa yin sa ba, kuma shi ne ya tabbatar da shi bisa kuskure. Ya ce abin da ya rubuta game da injin yankan takarda ba shi da tushe. Ya ce duk wanda ke riƙe da kaset bisa hukuncinsa ya nemi wani ya sake dubawa, don daga yau ya daina. Sannan ya ɗaga allon ya karanta rubutun da ke ciki, da kwanan watan, da sunaye ukun, kowanne da sunan mahaifi. Duka bai kai minti huɗu ba.

Wani a baya ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya bari. Wakiliyar mujallar ta zo ta tambaye shi ko tana iya ɗaukar hoton takardar. Ya riƙe mata allon daidai yadda haske zai faɗa a kai.

Ya kwashe ashirin da biyun cikin akwatinsu, ya bar buɗaɗɗen a kan teburi. Yana tsaye a tashar bas da akwatin a ƙirji sai ga motar Nivaldo ta tsaya a gabansa, Toshio da Belmiro a baya, kujerar gaba babu kowa.

“Shigo mana, tsoho,” in ji Nivaldo. “Da wannan kayan za ka hau bas? Zage mu a hanya, mun cancanta.”

Dirceu ya dubi lambar bas ɗin da ke tahowa. Ba tasa ba ce, ta unguwar Ponta da Praia ce, za ta ajiye shi nesa da gida da tafiyar minti ashirin. Ya ɗaga mata hannu.