Fim Ɗin da Zai Roƙa wa Baba Gafara

Tun ranar da ƙanena ya nuna wa Baba tallan fim ɗin nan a waya, gidanmu bai sake zama lafiya ba. Fim ne na tarihi a kan masanan da suka ƙera bam ɗin nukiliya, kuma a lokacin saura wata biyu a fara nuna shi. Baba ya yi shekara talatin da biyu yana koyar da kimiyya a sakandare kafin ya yi ritaya, don haka ya kalli tallan nan har sai da ya gano kuskure a lissafin da ke jikin allo a bayan jarumin. Kwana biyu yana fushi da masu fim ɗin, a na uku ya yafe musu.

Da ya ji fim ɗin awa uku ne cur, sai ya shiga atisaye. Kullum bayan abincin rana zai zauna a kujerar falo, ya ajiye agogo a kan tebur, ya ga iya lokacin da zai yi bai nemi banɗaki ba. Ranar farko minti hamsin ya yi. Mama ta ce, "Malam, ko yaƙin za ka tafi ai shirin ya isa haka." Shi dai ya rage shan shayi.

Duk wanda tsautsayi ya shigo da shi gidan, ko mai karanta mita ne, sai Baba ya tare shi da tambaya: laifin wa ya fi, wanda ya ƙera ko wanda ya jefa? Maƙwabcinmu direban tasi toshe kunne ya yi, wai kada a ɓata masa fim, ba ya so ya san ko bam ɗin ya tashi sai ya gani da idonsa. Ni abin da na lura shi ne, Baba yana yi wa kowa tambayar amma shi bai taɓa ba da tasa amsar ba.

Saura sati uku ya kira ni ɗakinsa, ya ce in sayi tikiti uku. Na ce ai Mama ta rantse ba ta da awa uku na zubarwa.

"Ba nata ba ne," in ji shi. "Na Takwas ne."

Takwas shi ne mai gyaran fanka da firji a ƙarshen layinmu, kuma tsohon ɗalibin Baba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, Baba ya so ya burge ajinsa, ya haɗa wasu hoda biyu suka yi fuf da wuta, aji ya ɗauki tafi, shi kuma daɗi ya kwashe shi ya rubuta awon a allo. Ɗalibin da ya fi kowa ƙwaƙwalwa ya kwafa, ya je gida ya ninka awon a cikin gwangwani. Yatsu biyu na hannun dama suka tafi, sunan Takwas ya zauna. Tun daga nan, in Baba zai wuce shagonsa sai ya cika hannuwansa biyu, jarida a wannan, leda a wancan, ya gaisa da ka. Fankarmu kuwa in ta lalace sai a kai ta wata unguwa. In aka taɓo zancen sai ya ce shi koyarwa ya yi, bai aiki kowa ba.

"Dole akwai wurin da masanin zai yi nadama," Baba ya ce yana kallon silin. "Na gani a tallan, ya rufe fuska da hannu. To zan zauna kusa da yaron, in an zo wurin sai in ɗan taɓa kafaɗarsa. Yana da basira, zai gane."

"Wato ɗan fim zai ba da haƙuri, kai kuma ka sa hannu a ƙasa?"

"Ke dai sayo tikiti."

Dariya na yi, amma tausayinsa ya kama ni sosai. Sai dai tausayi bai hana ni halina ba. Na ce a raina, wa zai yi rububin kallon tsofaffi suna rubutu a allo? Na bar sayen sai ana jibi, ashe duk gari irin Baba ne. Kujeru uku na samu a warwatse: ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya can ƙurya ta baya. Na kai wa Takwas nasa, ya yi ta murna, wai an ce ƙarar sai ta girgiza kujera. Baba kuwa na kasa gaya masa.

Ranar, tun ƙarfe biyu muna kan layi a harabar silima. Baba ya sha guga, bai sha ruwa ba tun safe, ga jaridarsa ga ledarsa. Sai da na hango Takwas yana tahowa sannan na raɗa wa Baba gaskiya.

"Layin kujeru nawa ne tsakanina da shi?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

Ya yi min kallon da yake yi wa mai satar amsa. Na yi saurin cewa ba laifina ba ne, ni saye kawai na yi, masu silima ne suka rarraba kujerun. Ina rufe baki na ji ashe muryar Baba na ara, mai cewa shi koyarwa ya yi. Shi ma ya ji.

"Malam, barka da rana!" in ji Takwas, ya ɗan rusuna, hannun damansa a aljihu. "Na gode ƙwarai. Rabona da silima har na manta."

Layi ya fara motsi. Baba ya dubi ƙofa, ya dubi tikitinsa. Sai ya miƙo min jaridar, ya miƙo min ledar, wadda na leƙa na ga ba komai a ciki sai wata leda. Ya miƙa wa Takwas hannu. Takwas ya zaro nasa a hankali, Baba ya kama shi da hannu biyu.

"Ni na rubuta awon nan a allo," Baba ya ce. "Don a tafa min na yi. Ka yafe min."

Na baya suka fara cewa a matsa gaba, ba wanda ya matsa.

"Haba Malam, wannan ai tun ina gadon asibiti na yafe," in ji Takwas. Bai saki hannun ba. "Ni duk shekarun nan na ɗauka ƙyamar hannun nan nawa kake yi."