Zakaran da Ya Ga Likita

Bas ɗin da ta karya ƙafar Iorliam ba ta yi karo da kowa ba. Birki ne ya ƙi kamawa a wani gangare kan hanyar Awe, ta bar titi ta je ta kwanta a gonar rogon wani bawan Allah. Duk wanda ke cin abinci a tashar motar Lafia ya san birkin nan ya daɗe da mutuwa, direba yakan taka shi ne yana addu'a. Sauran fasinjoji suka fito da 'yan ƙujewa. Iorliam kuwa, manomin doya, aka ciro shi ƙafar dama na lilo daga ƙasan gwiwa.

Matarsa Cordelia, mai sayar da lemo a kasuwar Lafia, asibiti ta so a kai shi. Ba ta gama ɗaura zani ba sai ga mai motocin, Oga Oliver, ya iso da dattawan tasha a bayansa, fuskarsa a jiƙe da tausayi kamar an shafa masa mai.

"Madam, asibiti?" in ji shi. "Kin san abin da suke yi wa ƙafa a can? Yankewa suke yi. Ni ina son mijinki da ƙafa biyu."

Abin da yake so da gaske shi ne araha, kuma araha tana Adogi, a gidan wani tsoho mai ɗori, Baba Ashafa. Can aka kai Iorliam. Baba Ashafa yana da al'adar da ya gada: idan aka kawo masa karaya, sai ya kama zakara ya karya masa ƙafa a gefen da mutum ya karye, ya ɗora su tare, ya shafa musu magani ɗaya. Ranar da zakara ya taka, ƙashin mutum ya kama. Da Oga Oliver ya ji wannan bayani sai idonsa ya yi haske.

"To, ga alƙalinmu," ya ce wa dattawa. "Abinci, magani, ladan Baba, duk a wuyana har ranar da zakaran nan ya taka. Ranar da ya taka, mun rabu lafiya. Kun shaida?"

Dattawa suka shaida. Iorliam, wanda zafi ya hana shi gane ko sunansa, ya gyaɗa kai. Ba wanda ya tambayi Cordelia, don a irin wannan zama ra'ayin mace bai kai na tabarma ba.

Ta bar teburin lemonta ta tare a Adogi. Tunaninta ɗaya ne: damina na tafe, kunyar doya ba ta tashi da kanta, kuma mai ƙafa ɗaya ba ya tayar da ita. Idan ƙafar nan ta lalace, gidansu ya lalace.

Manajan motocin, wani mai yawan turare da ake kira Zulkifilu, shi ke zuwa dubiya. Cordelia ta lura da yadda yake yi. Zai tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Sannu maigida, Allah ya ƙara sauƙi," bai jira amsa ba ya wuce bayan gida inda aka kife zakara da kwando. Can zai tsuguna ya daɗe, yana leƙe, yana tambayar ko ya ci, ko ya sha, ko ya yi cara da asuba.

Wata rana ta ɗaga kwando ba zakara. Da yamma sai ga Zulkifilu ya sauko daga mota rungume da shi. An cire tsumma da karan da Baba ya ɗaura, an sa farin bandeji tas, jikinsa na warin asibiti.

"Manaja, ina ka kai shi?"

Wawa ba ya iya ɓoye dabararsa. Zulkifilu ya gyara hula. "Wajen likitan dabbobi, Madam. Likita sosai, mai takarda. Ya gyara ɗorin, ya yi masa allura, ya ba da maganin ƙarin ƙarfi. Oga ya ce kada a ji tsoron kashe kuɗi a kansa."

Cordelia ta waiwaya ta dubi ɗakin da mijinta ke kwance, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi-baƙi, ƙuda na bin tsumman. Baba Ashafa ne ya yi magana daga inda yake daka magani.

"Zakaran nan ya fita daga hannuna. Tun da aka sa masa hannun wani, ba ruwansa da ƙafar mutumin nan."

"Baba, ba a yi wannan sharaɗin ba," in ji Zulkifilu.

Da allura da abincin kamfani, ba a jima ba zakara ya miƙe. Zulkifilu ya watsa masara, ya ɗauki tafiyar a waya, ya aika wa ubangidansa. Washegari abinci ya tsaya, magani ya tsaya. Da Cordelia ta kira Oga Oliver, cewa ya yi magana an yi ta gaban dattawa, shi kuma mutum ne mai cika alkawari.

"Baban Mimidoo," ta ce wa mijinta, "gobe za mu Lafia."

"A bar su da Allah," in ji Iorliam. "Na riga na amsa."

"Kai ka amsa. Ni ban amsa ba."

Da hantsi, lokacin da bas ɗin Awe ke cika, ta sauko daga Keke mai ƙafa uku a tsakiyar tasha, da mijinta da zakara. Ta shimfiɗa tabarma daidai gaban tayar bas, aka taimaka mata ta kwantar da mijinta, ta kwance tsumman don kowa ya gani. Sannan ta ɗora zakara a kan motar, da farin bandejinsa.

"Ku duba da kyau kafin ku tafi," ta ce wa fasinjoji, muryarta ta talla. "Su biyu suka karye rana ɗaya. Wannan fasinja ne, ya biya kuɗin mota. Wannan kaza ne. Ku faɗa mini wanda kamfani ya kai wa likita."

Kawuna suka leƙo ta taga. Ta ba su labarin daga birki har allura, ba ta ƙara gishiri ba, don labarin bai buƙata. Wata tsohuwa mai buhun gishiri ta taɓa kafaɗar direba.

"Ɗana, in mun faɗi a hanya, ni dai a sa ni cikin kaji."

Dariya ta kama bas. Wani ɗan kasuwa ya tambaya ko akwai kujerar zakaru, zai ƙara kuɗi. Sai tsohuwar ta ce a sauke mata buhunta. Wani ya bi ta, wani ya bi shi, 'yan lodin motocin ƙetaren titi kuwa suka fara yafito su da hannu biyu.

Oga Oliver ya fito daga ofis da gudu-gudu.

"Madam, abeg, wannan ba maganar titi ba ce. Zo mu shiga ciki."

"A ciki aka yi na farko, Oga."

Ya juya neman dattawan da suka shaida. Ɗaya yana duban takalminsa, ɗaya ya tuna yana da alwala da zai yi. Ya dubi kujerun da ke zama wayam ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar Iorliam ba ta taɓa shi ba tun farko, kujerun nan ne suka taɓa shi.

"Zulkifilu, kawo mota. A kai shi asibiti."

"Kai ma ka shiga, Oga," in ji Cordelia. "Ka faɗa gaban likita cewa mijina a wuyanka yake, har ya taka. Shi, ba wani ba."

Ya shiga.

Likita ya ɗauki hoton ƙashi, ya ce ya kama a karkace kuma ciwo ya fara cin nama. Da an ƙara jinkiri, yankewar da Oga Oliver ya tsorata su da ita ce za a yi. Sai da aka sake karya ƙashin aka sa ƙarfe. Iorliam ya sha azaba sau biyu a kan laifin da ba nasa ba, doyar bana kuma ta wuce shi.

Ƙafa dai ta tsira, ta ɗan gajarta. Baɗi ya koma gona da ɗingishi, yana tayar da kunya a hankali, Cordelia na bin sa da iri. Oga Oliver kuwa har yau yana ba da labari a tasha, yadda ya dage sai an kai wani talaka asibiti, alhali jahilan danginsa sun nace wa ɗorin gargajiya.