Bindigogi Sha Ɗaya a Bikin Wisal

Bakhtmina ta manna ido a tsagar ƙofa tana ƙirga bindigogin da ke shiga zauren maza. Tara. Ga ɗan liman da tasa, goma. Ta ƙarshe tana kafaɗar Shamroz, yayan mijinta, ya shafa mata mai har tana sheƙi.

Da la'asar za a kawo amaryar ɗanta Wisal daga garin Charsadda, kuma a ƙauyen ba a sauke amarya sai an ɓarar da harsasai sama. Shekara uku da suka wuce, a irin wannan biki, mijinta Noor Wali yana zaune tsakar gida yana ɓare lemo, harsashi ya dawo daga sama ya same shi a wuya. Ba a san na wa ba ne. Aka ce ajali. Shinkafar biki ita aka ci a zaman makoki.

Ta roƙi Shamroz tun watan jiya.

"Biki ba harbi?" ya ce. "So kike dangin yarinya su koma su ce gidanmu ba maza?"

Shi ya sa ta aika a kira mata Zarak.

Duk birnin Peshawar an san Zarak, jarumin fim. Babu fim ɗinsa da ba ya fitowa da bindiga a kowane hannu, gashin baki a murɗe. Bana kuma ya koma fitowa a talabijin da farar riga, yana kira ga gwamnati ta tsananta dokar hana harbi a biki. Ita dai Bakhtmina ɗan mai madara ta sani, wanda ta sha kora daga bishiyar lemonta.

Ta ƙofar baya ta sa aka shigo da shi, lulluɓe da mayafi, don in samari suka gan shi a ƙofar gida da harbi za su yi masa maraba. Ya tsuguna ya gaishe ta kusa da tukwanen shinkafa.

"Inna, na rubuto jawabi," ya ce, ya zaro takarda. "Shafi huɗu. Wanda ya ji bai yi kuka ba, ba mutum ba ne."

"Mayar da ita aljihu. Sun ji ka a talabijin. Suna gama ji suka kunna fim ɗin da ka kashe mutum arba'in saboda akuya."

"Gona ce, Inna."

"Ko ma mene ne."

"To ai ni duk wanda na kashe tashi yake ya karkaɗe riga mu ci abinci tare. Akwai wani Dilbar, sau goma sha bakwai ina kashe shi, jiya ma ya ari babur ɗina." Ya mayar da takardar aljihu. "Ke ma kina ganin mu muka koya musu?"

"Ni ban sani ba. Tun ba a kawo lantarki garin nan ba ake harbi. Wanda ya kashe min miji murna yake yi, ba fushi ba. Amma yadda suke karkata bindigar da hannu ɗaya, wannan kam naka ne."

Ta ja shi ɗakin Noor Wali. Gwangwanayen fentin da marigayin yake yi wa manyan motoci ado da shi suna nan jere a ƙarƙashin gado, ba wanda ya taɓa su. Ta buɗe ja, ta motsa da tsinke, ta miƙa masa buroshi.

"Kowa zai kawo bindigarsa ka rubuta sunanka a gindinta."

Zarak ya ja da baya kamar ta miƙa masa maciji. "Ni? Wata shida ina yawo ina cewa a ajiye bindiga! Hoto ɗaya ya fita, na gama yawo. 'Yan jarida za su cinye ni ɗanye."

"Ba mai shigowa da waya, ni ce a ƙofa. Fentin mai ne. In ka lafta shi da kauri, ba ya bushewa sai gobe."

Ya dubi gwangwanin, ya dube ta. Sai ya naɗe hannun riga.

Labari na isa zaure aka yi ca. Samarin da ke cika baki ɗazu suka jeru kamar masu karɓar allura, kowa rungume da tasa. Zarak ya zauna bakin gado yana rubutu a hankali, har da zana ɗan fure, yana yi wa kowa gargaɗi da muryar fim.

"Ka taɓa ta kafin gobe, sunana ya cakuɗe, to ni da kai ne."

"Wallahi ko ƙuda ba zan bari ya sauka ba, Yallaɓai!"

Ɗan liman ya nemi a ƙara masa tsuntsu. Wani ya ce furensa bai kai na maƙwabcinsa ba, sai da aka raba su. Kafin a kira sallar la'asar bindigogi goma suna kwance a kan gadon Noor Wali, jajaye sharkaf.

Saura ta Shamroz.

Ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa, bindiga a kafaɗa.

"Kai ne mai lalata mana yara," ya ce wa Zarak. "Da can mutum ya san inda yake nuna bakin bindiga."

"Baffa, ai an ce a layin gaba kake zama a gidan sinima."

"Don in ga iyakar shirmen ne."

Daga nesa aka fara jin ganga da hon ɗin motoci. Bakhtmina ta dubi bindigar da ke kafaɗarsa. Harsashi ɗaya ya isa, ta sani. Ba ta sake roƙonsa ba, ta dai matsa daga ƙofar don ya ga cikin ɗakin.

Shamroz ya dubi gadon, ya dubi gwangwanin. Ya daɗe yana kallo.

"Fentin Noor Wali ne?"

"Nasa ne, Yaya."

"Ya taɓa ɓata min sabuwar riga da shi. Kwana biyu bai bushe ba." Ya shafa gemu. "Kin ɗauka ban gane ba ko?"

Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Ni ma na yi harbi ranar da ya rasu," ya ce, murya ƙasa ƙasa, ba tare da ya dube ta ba. "Sau uku."

Gangar ta iso bakin layi. Mata suka fara guɗa, yara suka ruga waje. Shamroz ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya zare harsasan ya zuba a aljihu, ya dangwara ta a cinyar Zarak.

"Rubuta," ya ce. "Kuma da manyan baƙi. Kada in ga na ɗan liman ya fi nawa."

Bakhtmina ta bar su, ta gyara mayafi, ta fita tarbar surukarta.