Murfin Motar Malam Tambari

"Samuel, rufe ni ciki, ka kwara ruwa bisa," in ji Malam Tambari, ya miƙe ɗoɗar a bayan a-kori-kurarsa.

Isa na laɓe bayan rumfar mai faci yana kallo. Cigiyar ragonsa da aka sace ta kawo shi Kalgo, sai ga maƙwabcinsa na shekara talatin a garejin walda, alhali ga masu walda birjik a garinsu Gwandu. Samuel mai walda ya sauke murfin ƙarfen, ya juye bokiti biyu. Tsohon ya fito yana haki, rigarsa a bushe.

"Baba, da tampol ka saya ka huta," in ji Samuel.

"Tampol iska ka ɗaga shi, kowa shi ga abin da ke ciki. Ka sa mini zobba huɗu na ɗauri, da sakata mai ƙwari."

Zobba na ɗauri! Zargi ya ɗarsu a ran Isa. Raguna uku suka ɓata a unguwa cikin wata guda, ga mutum yana neman rufin da ido ba ya shiga. Da yamma ya tare shi a ƙofar gida.

"Malam, mi za ka ɗauka haka da ba ka son a gani?"

"Kaya," in ji Tambari, ya latsa kwado ya shige gida.

Shi ke nan, Isa ya samu abin faɗa, kuma bakinsa dama ba ya riƙe magana. Ya raɗa wa mai shayi, mai shayi ya raɗa wa duniya. Kafin mako, masu ba Tambari dakon albasa sun janye, a masallaci ana amsa gaisuwarsa da saman leɓe. Tsohon ya rame. Isa ya ce rashin gaskiya ne ke cin sa.

Ranar Laraba da hantsi motar ta shigo layi a hankali, surukin Tambari ne ke tuƙi. Rumaisa, 'yar Tambari da ke aure a Kalgo, ta fito idonta jawur. A gidanta tsohon ya cika da asuba, ciwon da ya daɗe yana ɓoyewa ne ya kada shi.

"Baba Isa, kai za ka buɗe," ta ce, ta miƙa masa makulli. "Tun randa muka ɗauko gawar Inna daga asibiti, iska ta yaye tampol, ruwa ya jiƙe ta mutane na kallo, babanmu ya rantse ba za a sake yi wa mamacin unguwag ga haka ba. Ya ce motar ta unguwa ce, makulli shi zauna hannunka."

Kunya ta kama Isa. Ya so ya ce a yafe masa, amma wanda zai yafe ɗin yana ciki. Da ƙyar ya zare sakatar.

Tambari na kwance a kan tabarma, an lulluɓe shi da farin zane, igiya ta ratsa zobban nan huɗu ta riƙe shi tsaf. An yi yayyafi a hanya, ruwa na ta ɗiga daga gefen murfin zuwa ƙafar Isa. Ya kai hannu ya taɓa zanen, ya ji shi a bushe.