Jan Wake a Kwanon Zuhra

Malama Fiddausi ta tsaya da ƙwayar jan wake a hannunta, ta kasa sakinta.

Wasan wata ƙungiya ce ta kawo shi makarantar 'yan mata da ke Ajingi, wai don koyar da ɗabi'a. Kowace ɗaliba tana da mutumin da take wakilta a cikin labari. Malama ta karanta abin da ya same shi, ɗaliba ta faɗi abin da zai yi, sai a duba littafi: aikin kirki farin wake a kwanonta, mugun aiki ja. Yau ranar ƙarshe. Wadda farinta ya fi yawa ita za ta je gasa Kano, kuma Zuhra da Fauziyya kunnen doki suke.

Zuhra makiyayi take wakilta. Yanzun nan ta ce ya kora shanunsa cikin gonar wani manomi, su kwana a can.

"Shafi na tara," in ji Malam Muhyiddeen, jami'in ƙungiyar, daga kujerarsa ta bakin taga. "Shigar da dabbobi gonar wani. Ja."

"Malam, ai a labarin an gama girbi," in ji Zuhra. "Kara kawai ya rage. Shanu su ci kara, su bar masa taki. A garinmu Gafasa har gida ake zuwa roƙon Bappana ya sauka da shanunsa a gona, a bi shi da tuwo."

"To ki je Kano ki faɗa musu Bappanki," in ji Fauziyya. Aji ya kwashe da dariya.

Fiddausi ta san gaskiyar yarinyar. Ita ma Fiddausin, gonar mahaifinta da haka take rayuwa. Wanda ya rubuta littafin nan kuwa, da alama a hoto ya san saniya. Amma shekara ashirin da uku tana koyarwa, ta gaji da jayayya da masu riƙe da fom, ga shi tun safe kanta ke sarawa.

"Malam Muhyiddeen, ko za mu duba lokacin da abin ya faru?"

"Malama, ni ba ni na rubuta ba. A Kano ma da shi za a yi hukunci."

Ta saki waken. Ya faɗa kwano da 'yar ƙara.

Saura zagaye biyu. Fauziyya ta yi garaje, mutuminta ya zagi mai unguwa, ta samu ja. Aka zo kan Zuhra: makiyayinta ya tarar da wani tsoho a bakin hanyar Gaya, yunwa ta kwantar da shi. Da can sai Zuhra ta tambayi sunansa da garinsu, ta tambayi ko yana da haƙoran tauna, har a gaji da ita. Yanzu ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Wanne ne yake kawo fari, Malama?"

"Ba a tambaya. Ke me za ki yi masa?"

"Na ba shi abinci. Na gaishe shi. Na yi masa addu'a." Ta tura kwanonta gaba. "Uku ke nan ko?"

Muhyiddeen ya duba littafi, ya gyaɗa kai. Uku ne.

Fiddausi ta rubuta sunan Zuhra a takardar tafiya Kano. Jami'in ya miƙo mata fom ɗinsa, ya nuna layin ƙarshe da biro: ko an ga canji a halin ɗalibai?

Ta daɗe tana kallon layin, sannan ta rubuta: An gani.