Kumfa a Gorar Ruwa

Da aka ciro jaririyar ba ta yi kuka ba. Bakwainiya ce, wata bakwan ma bai gama cika ba. Ungozoma ta shimfiɗe ta a ƙarƙashin fitilar ɗumi, ta goge ta, ta kifa mata roba a hanci da baki, ta fara matsa jakar iska. Ƙirjin bai ɗaga ba. Ta gyara mata wuya kaɗan, ta sake matsawa. Sai a matsa ta biyar ya motsa.

Tun jiya da safe ungozomar take bakin aiki, wadda za ta karɓe ta ba ta zo ba. Da yarinyar ta fara jan numfashi da kanta, sama-sama, ta kai ta ɗakin gefe ta saka mata siririyar roba a hanci. Tiyo ɗaya ya taho daga injin iska, ɗaya ya sauka cikin gorar ruwa da ke ƙasan gado, ruwan yana ɓuɓɓuga.

Wajen ƙarfe biyu na rana aka shigo da uban. Mai faci ne. Sau uku aka sa shi ya wanke hannu, baƙin da ke ƙarƙashin faratansa bai fita ba.

"Sista, abin nan naku yana zubar da iska," in ji shi.

"Ta ina?"

"Ga kumfa nan. Shekara ashirin ina tsoma taya a ruwa. Inda duk kumfa ta taso, akwai huji."

Ko ƙarfin dariya ba ta da shi. "Malam, nan kumfar ake so. Iska na shiga hancinta tana riƙe mata huhu a buɗe, ragowar ta fito ta ruwan. In ruwan ya kwanta, to iskar ta samu wata hanyar gudu, ba ta isa gare ta."

Tsohuwa mai shara ta leƙo. "Sista, ɗayar matar da ke naƙuda fa ta kusa sauka."

Ungozoma ta ja masa kujera. "Zauna ka sa wa gorar nan ido. In ta yi shiru, ka kira ni. Kada ka taɓa komai."

Ya zauna. Mai shara ta zo tana goge ƙasa ta gefen ƙafarsa.

"Angon ƙarni, kalli 'yarka mana. Ko gorar aka haifa maka?"

"Iya, gora aka ce in kalla."

"To Allah ya raya muku ita," ta ɗauki bokitinta ta fita.

Bai fi rabin awa ba kumfar ta fara raguwa, daga nan ruwan ya kwanta luf. Ya ƙwala kira, ba wanda ya amsa. Ya dubi yarinyar: fatar tsakanin haƙarƙarinta tana lotsawa ciki da kowane numfashi, leɓenta ya soma duhu. Ya ruga bakin ƙofa.

"Sista! Ruwan ya tsaya!"

"Kan yaro ne a hannuna!" ta amsa daga ɗakin haihuwa. "Ina zuwa!"

Ya dawo ya tsaya, hannuwansa a baya. Can ya sunkuya, ya kai leɓensa dab da tiyon yana bin sa a hankali, yadda yake bin taya in ba ruwa a kusa. A mahaɗar tiyo biyu ya ji sanyi-sanyi. Robar ta tsage, tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Ya ɗora babban yatsansa ya danne.

Ruwan ya motsa, ya ci gaba da ɓuɓɓuga.

Kujerar ta yi masa nisa, ba halin ya jawo ta. Haka ya tsaya a duƙe. Bayansa ya riƙe, yatsan ya mutu, wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu har ta gaji.

Sai kusan ƙarfe uku da rabi ungozoma ta shigo tana jan ƙafa.

"Ba na ce kada ka taɓa ba?"

"Na taɓa."

"Ɗaga in gani."

"In na ɗaga zai tsaya."

Ta leƙa ƙarƙashin yatsansa. Ta duba leɓen yarinyar, ta saurari ƙirjinta, ta daɗe tana saurare. Sannan ta jawo durowa ta birkita ta. Babu wata mahaɗar, sai filasta.

"In kika naɗa shi a haka iska za ta bi ta gefe," ya ce. "A fara goge wurin ya bushe. A ja da ƙarfi, zagaye uku."

Ta dube shi, ta miƙa masa safar hannu. "To kai yi. Ni zan riƙe."

Ya naɗa. Suka saki tare, suka zuba wa gorar ido. Kumfar ba ta ragu ba.

Ungozoma ta zube a kujerar, ta jingina kai da bango.

"Matarka tana ta tambaya. Je ka ce mata tana numfashi."

"Wa zai kalli gorar?"

"Ni."

Ya dube ta. Idonta a rufe yake, hannu ɗaya na reto a gefen kujera. Ya samu wuri a ƙasa kusa da ƙafar gadon ya zauna, yana murza yatsansa.